Manomin da Ya Rushe Dakalin Zaurensa

Akwai wani mutum manomi da yake zaune a wani ƙauye a gindin dutse, shi da matarsa Liyatu. Ba mai arziki ba ne, amma rumbunsa yakan kai su wata kakar, yana kuma da tumaki kaɗan da jaki ɗaya. Gidan da yake ciki gadon mahaifinsa ne. Zauren gidan ƙarami ne ƙwarai, taku biyar ka ƙure shi daga ƙofar waje zuwa ta ciki.

Duk da ƙanƙantarsa, mutumin ya san yadda ya shirya shi. A hannun hagu ya gina dakalin laka jikin bango, wanda zai ɗauki mutum uku, ya shimfiɗa masa tabarma. A hannun dama ya girke randa a kan duwatsu, da moɗa bisa murfinta, domin mai wucewa ya sha. Fartanya da lauje da gatari ya rataye su can sama, inda ba za su bugi kan kowa ba. Tsakiya kuwa ya bar ta fili, har Liyatu takan shigo da damin itace a ka ba tare da ta sauke ba. Kowace shekara bayan girbi yakan yi wa bangon yaɓe, matarsa ta bi shi da farar ƙasa. Iyakar adon ke nan.

Manomin yana da wani tsoho, ƙanen mahaifiyarsa, ana ce da shi Kawu Tanimu. Idanun tsohon sun mutu shekara goma sha biyu da suka wuce, yana zaune shi kaɗai a ƙarshen ƙauye, yana ci da tufkar igiya. Kowace safiya yakan ɗauko ramarsa, ya biyo hanya da sandarsa ba ɗan jagora, ya zo gidan manomin. In ya kai bakin ƙofa sai ya yi sallama, ya jingine sandar, ya yi taku uku, ya juya, ya zauna a kan dakali. Ba ya lalube, gama jikinsa ya haddace wurin. Nan yake wuni yana tufka. Masu neman igiya nan suke samunsa, masu ƙishirwa su sha ruwa su ɗan zauna, domin tsohon bakinsa ba ya rabo da labari. Da manomin ya dawo daga gona ya tarar da mutane a zaurensa, sai ransa ya yi fari.

Ana nan, sai wani mutum mai suna Ishaya ya dawo ƙauyen. Shi da manomin tare suka yi kiwon awaki suna yara. A lokacin manomin ne gaba a komai. Shi ke kayar da Ishaya a kokawa, in an je gayya shi ke fara kai ƙarshen kunya, ya tsaya yana jiran Ishaya yana yi masa dariya. Daga baya Ishaya ya tafi birni ya koyi gini, ya shekara ashirin yana yi. Yanzu ya dawo gidan mahaifinsa, wanda ƙofarsa take kallon ƙofar manomin, hanya ce kawai tsakaninsu.

Abin da Ishaya ya fara yi shi ne gyaran zaurensa. Ya shafe shi da siminti, ya zana masa zayyana a goshin ƙofa, ya bi ta da fenti shuɗi da fari. A ciki ya rataya madubi da agogon bango, ya jera kujeru biyu. Da ya gama, mutanen ƙauye suka yi ta zuwa kallo. Mata masu dawowa daga rijiya sukan tsaya da tuluna a ka suna duba. Baƙi ’yan cin kasuwa sukan tambaya, “Gidan wa ke nan?”

Manomin yana gani daga ƙofarsa. Ranar farko ya je ya yi wa Ishaya barka, amma da ya juyo ya dubi nasa zauren, sai ya ga kamar ya tsuke. Farar ƙasar da yake yabawa jiya, yau ta zama masa kamar toka. Ya dubi dakalin ya ce a ransa, “Wannan tarin laka na ajiye a bakin gidana duk shekarun nan?”

Da yamma Liyatu ta kawo masa tuwo, ta ce, “Maigida, ka ga aikin Ishaya kuwa? Kai ka ce ba hannu ya yi shi ba.”

Ya ce, “Na gani. Ai ba sai kin faɗa mini ba, idanuna biyu.”

Ya yi loma uku ya ture akushin.

Tun daga ranar ƙyashi ya kama shi, yana cinsa kamar yadda gara take cin azara, waje lafiya, ciki rami. Mutane ba su daina zuwa zaurensa ba, amma shi ya daina ganinsu. Masu tsayawa a ƙofar Ishaya kawai yake gani. In an yi dariya a can, sai ya ce da shi ake. In wani ya yabi zayyanar a gabansa, sai ya ce, “Fenti ai mayafi ne. Ku jira damina ta yi nisa.” Wata rana da azahar aka yi ruwa mai iska, ya tsaya a ƙofarsa yana jira ya ga shuɗin nan ya zubo. Ruwa ya ɗauke, fentin ya ƙara haske. Ya shiga gida yana jin haushin ruwan.

Ko a majami’a abin bai bar shi ba. Ran Lahadi Ishaya ya tashi ya gode wa Allah da ya dawo da shi gida lafiya. Jama’a suka ce amin. Manomin ya buɗe baki, amma amin ɗin ta ƙi fita. Yana ta tunani, “Yaron da nake kayarwa da hannu ɗaya, yau shi ake nunawa da yatsa, ni kuwa ana wuce ƙofata kamar kango.”

Bayan ’yan kwanaki Ishaya ya ƙetaro hanya riƙe da gwangwani. Ya ce, “Abokina, ga fenti ya ragu mini, zai ishi zaurenka. In ka yarda, gobe in zo in shafa maka da kaina.”

Ishaya da zuciya ɗaya ya faɗa. Amma abin da kunnen manomin ya ji shi ne, zaurenka bai fi ragowar gwangwani ba. Ya ce, “Zaurena bai roƙi kowa ba. Ka kai wa mabukata.”

Ishaya ya juya ya koma da gwangwaninsa.

A kwanakin nan ne ’yar Kawu Tanimu, Rahila, wadda take aure a wani gari, ta haihu, aka zo aka tafi da tsohon domin ya yi wata guda a can. Da dakalin ya zama ba kowa, manomin ya ce lokaci ya yi. Ran kasuwa ya kwance ragonsa da jakinsa.

Liyatu ta ce, “Maigida, ga dawa ta kusa nuna. In ka sayar da jakin, da me za mu kwaso ta?”

Ya ce, “Da ka. Iyayenmu da me suka kwasa?”

Ya dawo da yamma da kaya a amalanke: kabad mai ƙofofin gilashi, da farantan tangaran da zai jera a ciki, da kujerun kushin biyu, da madubi. Madubin nan sai da ya zaga kasuwa har ya sami wanda ya fi na Ishaya tsawo. Da aka sauke kayan, ga shi zauren ba zai ɗauke su ba. Ya gwada ta nan, ya gwada ta can, abin ya ƙi. Sai ya ɗauko diga ya nufi dakalin.

Liyatu ta ce, “Kawu fa? Ina zai zauna?”

Ya ce, “A kujera, kamar manya.”

Ya rushe dakalin, ya kwashe ƙasar ya zubar bayan gida, ya tsayar da kabad ɗin a gurbinsa. Ya sa aka shigar da randa cikin gida, ya jera kujerun a inda take. Ya sauke fartanya da lauje da gatari, ya rataya madubin. Sau uku yana fita hanya, ya tsaya kusa da ƙofar Ishaya, ya hango, ya dawo ya gyara, domin so yake komai ya fito sosai daga can. Hanyar da ta rage a tsakiya siririya ce, sai Liyatu ta sauke itace a waje ta shigo da shi kaɗan-kaɗan.

Mutane suka zo kallo kwana biyu. Ba wanda ya zauna, gama duk wanda ya matsa kusa da kujerun, sai ya ga idon maigidan a kan ƙurar ƙafarsa. Masu ƙishirwa suka leƙo, ba randa, suka wuce. Ishaya ma ya zo, ya duba, ya ce, “Kai, abokina, wannan madubi ya yi kyau. Allah ya sa albarka.” Manomin ya yi ta neman ɓacin rai a fuskarsa bai samu ba. Abin da ya sayar da jakinsa domin ya gani ke nan, bai kuwa gani ba. Ranar ma bai ci tuwon kirki ba.

Wata ya cika, aka dawo da Kawu Tanimu gidansa. Manomin ya ji labari, ya ce zai je ya gaishe shi in ya sami sarari, gama yankan dawa ya kama, ga shi da ka yake kwasowa. Bai tuna cewa akwai abin da ya kamata a gaya wa tsohon ba.

Kashegari da safe manomin yana gona, Liyatu ta tafi rijiya. Tsohon ya ɗauko ramarsa ya biyo hanya kamar kullum. Ya yi sallama, ba a amsa ba, bai damu ba domin ya saba. Ya jingine sandarsa, ya yi taku uku, ya juya, ya saki jikinsa zai zauna. Bayansa ya bugi gilashi, gilashin ya fashe. Ya kai hannu zai dafa, hannun ya shiga cikin fasassun. Ya faɗi ƙasa, kabad ɗin ya biyo shi da duk farantan da ke ciki.

Ishaya ne ya ji ƙarar daga zaurensa. Ya ƙetaro a guje, ya ɗaga kabad ɗin, ya yage rigarsa ya ɗaure hannun tsohon, ya goya shi zuwa bakin titi, ya tsayar da mota suka tafi asibiti.

Liyatu ta dawo ta ga abin da ya faru, maƙwabta suka ce an kai Kawu asibiti, ta je gona ta gaya wa mijinta. Ya zo ya tsaya a bakin ƙofa. Ga fasassun tangaran ko’ina, ga rama a warwatse, ga jini a ƙasa. Maganar da ta fara fita daga bakinsa ita ce, “Madubin dai bai fashe ba ko?”

Liyatu ta dube shi. Shekara ashirin da biyu suna tare, ba ta taɓa yi masa irin wannan kallon ba. Ta ce, “Madubinka lafiya lau, Maigida. Matsa ka duba wanda ya yi tambayar.”

Bai matsa ba. Ya juya ya kama hanyar asibiti.

Ya tarar da tsohon kwance, an naɗe masa hannun dama, ƙugunsa kuma ya karye. Ishaya yana zaune a gefe ba riga. Da Kawu Tanimu ya ji muryar manomin, sai ya ce, “Ɗana, ka zo? Tsufa ya ci ni yau. Na ɓata hanya, na shiga gidan mutane na yi musu ɓarna mai yawa. Ka bincika ko gidan wa ne, ka ba su haƙuri a madadina. Ka ce musu makaho ne, bai yi da gangan ba.”

Manomin ya durƙusa a gefen gadon. Da ƙyar ya ce, “Kawu, ba ka ɓata hanya ba. Gidana ka shiga.”

Tsohon ya ce, “To, ina dakalin?”

“Na rushe shi.”

“Me ya yi maka?”

Manomin ya kifa kansa a bakin gadon ya yi kuka.

Ƙugun tsohon ya ɗoru bayan watanni, amma gilashin ya yanke jijiyar hannunsa, yatsun ba su sāke damƙar rama ba. Rahila ta zo ta tafi da mahaifinta garin mijinta, can ya ƙarasa kwanakinsa. Kafin su tafi, manomin ya faɗa masa gaskiyar abin duka, tsohon kuwa ya yafe masa.

Sa’an nan manomin ya ƙetara hanya, ya shiga zauren Ishaya, wanda rabonsa da shi tun ranar barka. Ya ce, “Na zo neman gafara. Tun ranar da ka gama wannan aiki nake ƙinka a zuciyata. Na yi fatan ruwa ya wanke maka shi. Duk abin da na sayo, na sayo ne domin in ga ranka ya ɓaci.”

Ishaya ya ce, “Ashe gasa muke yi? Ni ban sani ba. Shekara ashirin ina gyara ƙofofin waɗansu a birni, na ce kafin in mutu bari in gyara ta ubana. Shi ke nan fa, abokina.” Ya jawo kujera ya ce, “Zauna. Na yafe maka.”

To, ’yan’uwa, ga ma’anar wannan misali.

Zauren nan shi ne rabon da Allah ya ba kowane ɗayanmu: gidanka, sana’arka, muryarka, ’ya’yanka, ɗan abin da hannunka ya iya. Na wani babba ne, na wani taku biyar. Ku lura, zauren manomin bai ragu da ko taƙi ɗaya ba ranar da Ishaya ya gama nasa. Idon manomin ne ya sāke. Haka ƙyashi yake yi. Yakan bar kayanka yadda suke, ya lalata idon da kake dubansu da shi, har abin da ka gode wa Allah dominsa jiya, yau ka ji kunyarsa.

Kada wani ya fita daga nan ya ce an hana ado. Ishaya bai yi zunubi ba da ya gyara ƙofar mahaifinsa. Da manomin ya shafa fenti domin gidansa ya yi kyau, baƙonsa ya ji daɗi, da ba laifi. Amma shi daga ƙofar maƙwabcinsa yake tsayawa yana auna nasa gidan. Ka tambayi kanka, abin da kake shirin yi a wannan shekara, daga ƙofar wa kake tsaye kana aunawa? Akwai mai son rufin kwano domin ruwa yana zubar wa ’ya’yansa. Akwai kuma mai sonsa domin ƙanensa ya yi. Kwanon ɗaya ne, Ubangiji kuwa zuciya yake dubawa.

Ƙyashi yana toshe kunne ma. An kawo wa mutumin nan alheri har ƙofa, ya ji zagi. Wataƙila akwai wadda ta yi miki kyauta a zumuntar mata, kika koma gida kina cewa raini ne. Wataƙila an ba wani jagorancin waƙa, tun ranar duk gaisuwar da ya yi maka sai ka ji fariya a cikinta.

Abin da ya fi ba ni tsoro a labarin nan shi ne wanda ya faɗi. Manomin Ishaya yake so ya ji wa ciwo, Ishaya kuwa ko ƙwarzane bai samu ba. Wanda ya zubar da jini shi ne tsohon da ya amince da shi har ba ya lalube a gidansa. Kowannenmu yana da irin wannan mutum, wanda yake sakin jikinsa a kanmu ba tare da ya duba ba, domin kullum yana samunmu a inda ya bar mu. Matarka ce, ko tsohuwarka, ko yaran da kake koyarwa. Sa’ad da idonka yake ƙetaren hanya, su ne suke faɗuwa.

Akwai gafara. Almasihu ya mutu saboda masu ƙyashi ma, wanda ya tuba kuwa ba za a kore shi ba. An yafe wa manomin har sau biyu. Amma kun ji cewa hannun tsohon bai dawo ba. Saboda haka gara a tuba tun diga tana rataye.

Ba zan tambayi kowa ya ɗaga hannu ba. Na sani tun ina tsakiyar labarin nan akwai sunan da ya faɗo wa waɗansunku a rai, mutumin da in an yabe shi sai ka sami abin da za ka ƙara. Shi ne naka Ishayan. Kafin Lahadi mai zuwa, ka durƙusa ka gode wa Allah saboda abin da ya ba shi, ka ambaci abin da sunansa. Zai yi maka ɗaci a baki, ka faɗa duk da haka. Sa’an nan ka tashi ka je gidansa da ƙafarka, ka yi masa barka. Mai yiwuwa ne ka tarar bai ma san kuna faɗa ba.